Minti da Libarba a Jakar Odessa

Duk wanda ya taɓa zama a layi na uku a cocinmu ya san jakar Odessa Tillery. Baƙar jaka ce ta fata mai faɗin gindi, in ta ajiye ta a benci sai ta cinye wurin mutum guda. A ciki akwai tabarau, da maganin hawan jini, da jambaki, da mintin nan mai ja da fari da take cusa wa yara a baki in huɗubar Fasto ta yi tsawo, kuma bawan Allahn nan bai san gajeriyar huɗuba ba. A aljihun gefe mai zif kuwa, ƙaramar bindiga ce, libarba, da marigayi mijinta Buford ya saya mata. Tana da lasisin ɗaukarta a ɓoye, sai dai ɓoyon na suna ne, don har mai kawo wasiƙa ya san da zamanta.

Ban da jakar, Odessa na da abu guda a duniya, ranar Laraba. A ranar ne 'yarta Carleen, mai aiki a asibitin haƙori, take sauke mata jikarta Posey tun da safe, ba ta zuwa ɗaukarta sai yamma. Posey ba ta cika shekara huɗu ba, amma bakinta ya girme ta. Tare suke kwaɓa burodin masara, su ba kaji hatsi, su zauna a baranda suna gulmar motocin da ke wucewa. Tun ranar Litinin Odessa take fara shirin Laraba, in Alhamis ta waye kuwa sai ta hau ba mutane labarin abin da yarinyar ta ce, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Ana nan sai labari ya zo daga wani gari da ke gaba da mu, nan cikin Tennessee. Wai wata mata tana sayayya a babban kanti, ta zaunar da ɗanta a cikin keken zuba kaya, jakarta a gefensa. Ta juya ɗauko madara, yaron ya buɗe jaka, bindiga ta tashi, harsashi ya same ta a cinya. Allah ya sa da sauran kwana.

Ranar Lahadi a wajen cin abinci na bayan coci, soyayyar kaza ta huce saboda musu. Wasu suka ce a kafa doka, kada kowa ya ƙara shigowa coci da bindiga a ɓoye. Wasu suka ce ai in an rubuta haka a ƙofa an gayyato mugu ke nan, an ce masa bismillah. Wani dattijo ya miƙe ya ce shi laifin uwar yake gani, wa ya aike ta sayen jaka mai arha? Fasto ya ce zai yi addu'a a kai, ya ƙara wake a farantinsa. Odessa ce ta fi kowa ɗaga murya. Ta ce 'ya'ya uku ta raina da bindigar farauta jingine a bayan ƙofa, ko ƙwarzane babu wanda ya yi, don an koya musu. Iyayen yanzu ne ba su iya tarbiyya ba.

Sai da Carleen ta rako uwarta mota, sannan ta ce ta gama shawara: muddin bindigar nan tana cikin jaka, Posey ba za ta ƙara wuni a gidan ba. Har ta yi magana da gidan rainon yara na kusa da wurin aikinta, sun ce akwai gurbi daga Laraba ta sama.

"Gidan raino?" in ji Odessa. "Ina raye za ki kai min jika wurin da ake ba yara abincin gwangwani?"

"Mama, ki fidda ta daga jakar kawai. Shi ke nan fa abin da na ce."

Ai kuwa Odessa ta ce ba ta san zancen ba. Ita kaɗai take kwana a ƙarshen hanya, kafin 'yan sanda su iso ɓarawo ya ci ya sha ya wanke hannu. Kuma bindigar da aka kulle a akwati me amfaninta, ta ce wa mugu ya dakata ta nemo mabuɗi? Ban da haka ma, kunamar libarbar tauri gare ta, ita kanta sai ta cije leɓe take iya jan ta, balle yarinyar da ba ta iya buɗe kwalbar zuma ba. Uwa uba, ta riga ta koya wa Posey darasi, har ta mayar mata da shi waƙa: in kin ga bindiga ki tsaya cak, kada hannu ya kai, ki ruga ki kira babba. Yarinyar ta haddace shi tsaf, ko daga barci aka tashe ta za ta rera.

Carleen ta ce Posey ta haddace waƙar wanke hannu ma, amma a je a duba hannun.

Kwana biyu ba su yi waya ba. Odessa ta sha kunu, ta je ta zazzage wa ƙawarta Verna komai a kan kofin shayi mai ƙanƙara. Verna mace ce mai jiki, Allah ya ba ta son shiga abin da ba a sa ta ba, ita ce kuwa ta kawo dabarar. Ta ce me zai hana a gwada yarinyar? A zazzage harsasai tas, a bar jaka a kicin kamar an manta, su kuma su laɓe su gani. In Posey ta yi abin da aka koya mata, Carleen ta janye maganarta. In ba ta yi ba, to, a lokacin a san abin yi. Odessa ta tafa hannu, ta ce wannan ai an gama, Laraba ta dawo gida.

Da ƙyar Carleen ta yarda, ita ma don ta gaji da gaba da uwarta ne. Ranar Asabar da rana ta zo da yarinyar, ta tura ta bayan gida wajen kaji. Da hannunta ta buɗe libarbar, ta zazzage harsasan a tafinta, ta ɗaga ta saitin taga ta leƙa kowane rami, ta sake leƙawa, ta ba Verna ita ma ta leƙa. Ta zuba harsasan a aljihun wandonta. Odessa na gefe tana tsaki, tana cewa sai ka ce ba ita ta koya wa Carleen harbi ba.

Aka mayar da libarbar aljihun gefe, aka ɗora jaka a kan kujerar kicin, inda hannun Posey zai kai. Su ukun suka shige ɗan siton abinci, suka ja ƙofa suka bar 'yar kafa. To, siton nan Buford ya gina shi ne don kwalaben tumatir, bai yi lissafin Verna ba. Gwiwar hannunta na haƙarƙarin Carleen, kan Odessa na ƙarƙashin haɓarta, ga ƙamshin albasa ya cika wurin. Verna ta raɗa cewa atishawa take ji, Odessa ta ce in ta kuskura zumuncin shekara arba'in ya ƙare yau.

Can sai ga Posey ta shigo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta kira kakarta, shiru. Ta kira uwarta, shiru. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta yi wa kyanwa faɗa, sannan idonta ya faɗa kan jakar. Ta tsaya tana kallonta. Wannan jakar fa ita ce take haihuwar minti duk Lahadi, yau ga ta ita kaɗai babu mai gadi.

Ta buɗe. Ta ɓare minti ta jefa a baki, ta ƙara wani, ta ƙara na uku har kumatunta suka kumbura. Ta sa tabarau a juye. Ta zaro jambaki ta zana daga kunne zuwa kunne, ta yi wa kyanwa tayi, kyanwa ta ƙi. A cikin sito dariya ta kusa kashe Verna, jikinta na rawa kwalabe na amsawa. Odessa kuwa daɗi ya cika ta, ta raɗa wa Carleen cewa ta gani ko? Yarinya mai hankali, ko kallon gefen ba ta yi ba.

Ba ta rufe baki ba Posey ta ja zif ɗin gefe.

Yarinyar ta leƙa, ta tsaya cak. Ta mayar da hannayenta baya ta haɗe su. Da bakin nan cike da minti ta ce wa kyanwa, a hankali, kamar mai ba ƙanwarta shawara, "Ba a taɓawa." Ta juya ta dubi ƙofar waje, har ta ɗaga ƙafa. Odessa ta zunguri Carleen da gwiwar hannu, bakinta har kunne, tana shirin cewa a buɗe ƙofa an gama.

Posey ta waiwayo. Ta sa hannu biyu ta zaro libarbar.

Carleen ta yunƙura, amma ƙofar siton ciki take buɗewa, Verna kuma ta tokare ta da jikinta. Kafin a matsa, kafin a juya, kafin wani ya sami bakin kira, abin ya riga ya faru, kuma Odessa da idonta yake manne a kafar ƙofa ta ga komai. Bindigar ta yi wa yarinyar nauyi, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ta gwada jan kunamar da ɗan yatsa, ta ƙi. Sai ta yi abin da take yi wa duk abin da ya fi ƙarfinta: ta juya ta, ta kafa gindinta a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, bakin yana kallon fuskarta, ta ɗora manyan yatsunta biyu ta danna da dukan nauyinta.

Ƙyas.

Ƙaramar ƙara ce, ko kyanwa ba ta motsa ba. Ƙofa ta ɓalle, kwalbar tumatir ta faɗi ta fashe, matan suka zubo waje kusan a kan juna. Posey ta ɗago da tabarau a karkace da jan baki, ba ta ko tsorata ba. Ta miƙa wa Odessa bindigar.

"Kaka, ta lalace."

Carleen ta fizge yarinyar ta rungume, ta matse ta har minti ya faɗo daga bakinta, sai a lokacin Posey ta fashe da kuka, ita a ganinta saboda jambakin ne. Verna, wadda ba a taɓa ganin bakinta ya mutu ba, ta ɗauko tsintsiya ta hau sharar kwalba, ta share wuri ɗaya sau ba adadi. Odessa ta nemi kujera ba ta kai ba, ta zauna a ƙasa inda yarinyar ta tashi, libarbar a cinyarta. Ta san babu harsashi, ta ga lokacin da aka cire. Duk da haka tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta, ga kunya a kai. Sau nawa jakar nan take kwana a kujerar nan ranar Laraba, ita tana bayan gida tana shanya?

Ta jira Carleen ta ce ai na faɗa miki. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi. Carleen ta goge wa 'yarta fuska da gefen rigarta, ta nemo ɗaya takalmin, ta saɓe ta a kafaɗa ta fita.

Odessa ta rarrafa ta miƙe, ta bi su har tsakar gida. Ta tarar an ɗaure Posey a kujerarta ta baya, Carleen na zaune riƙe da sitiyari ba ta tada mota ba. Odessa ta dafa taga. Ta ce akwatin ƙarfen Buford yana nan a ɗaki, mai kwaɗo, yau za ta saka ta a ciki, mabuɗin kuma Carleen ta tafi da shi in tana so. Muryarta ta yi ƙasa, irin yadda ba mu san ta da ita ba.

"Larabar fa? Ko kin riga kin biya gidan rainon?"

Carleen ta sunkuya, ta zura hannu ƙarƙashin kujerar da take zaune, daidai inda ƙafafun Posey suke lilo ta baya, ta jawo wata baƙar bindiga, ta mijinta, wadda ta fi ta Odessa girma. Ta cire harsasan, ta miƙo wa uwarta ta taga.

"Ki haɗa da wannan, Mama. Tun bara take nan." Ta share ido da bayan hannu. "Laraba zan kawo ta da wuri."