Ranar da Ba a Gwada Ba

Shekara uku da ƙaddamar da Shari'a, wata ƙungiyar agaji ta buɗe ƙananan asibitoci a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ta ɗauko Injiniya Mainasara ya haɗa kwamfutocinsu da dogayen eriya. Buƙatar ɗaya ce: ma'aikaci ya danna, ya ga irin jinin da ke ajiye a kowane gari, kada a tura mota inda babu.

Mainasara mutum ne mai tsoron kuskure. Ya tsara yadda kowace kwamfuta za ta riƙe jerin jinin garuruwan uku. In ta wani gari ta mutu, sai a kira maƙwabta ta rediyon oba-oba mai batir, su karanto. Wata guda yana gwaji. Ya zare waya a Ƙaura, Shinkafi ta amsa. Ya kashe Shinkafi da Ƙaura tare, Zurmi ta amsa. A rahotonsa ya rubuta da Turanci mai kyau cewa ba yadda za a yi uku su mutu lokaci guda, domin kowace da janaretonta da mai kula da shi. Manya suka sa hannu, aka sha lemo.

Wata Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata, aka kawo Zubaida, matar wani manomi mai suna Halilu, asibitin Zurmi. Ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Uwani ungozoma ta duba katin awonta, ta ga jininta irin mai wuyar samu ne, kuma ta san ba su da shi. Ta danna kwamfuta, ba wuta. Lado mai janareto ya kashe inji don kada ƙararsa ta dami masu sauraren huɗuba, ya sa makulli a aljihu, ya tafi masallaci.

Uwani ta ɗauki oba-oba.

"Ƙaura, Ƙaura, Zurmi ta. Ku duba muna jini."

"Inna Uwani, mu ma an kashe," in ji ma'aikaciyar can. "Makullin injin da na ɗakin firjin duk suna wurin mai janaretonmu, shi ko ya tahi Jumma'a."

Shinkafi ma amsar ke nan, kusan kalma da kalma.

Mota ɗaya ce, direban ma daga bakin masallaci aka janyo shi. Uwani ta zaɓi Ƙaura saboda ta fi kusa. Ashe leda biyu na irin jinin suna Shinkafi. Da aka tayar da injuna bayan sallama, kwamfutocin uku suka nuna haka a tare, ba kuskure ko ɗaya. Zubaida ta cika kafin la'asar.

Ran Asabar Mainasara ya iso Zurmi. Ya fara zuwa gaisuwa. Halilu ya karɓi hannunsa ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Injiniya." Mainasara ya so a zage shi, ba a zage shi ba.

A bayan asibiti ya tarar da Lado yana goge inji.

"Wa ya ce ka kashe?"

"Ranka shi daɗe, kullum Jumma'a haka mukai. Tun da anka kawo shi."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Kai da ka yi wata guda kana gwaji, ran Jumma'a da azahar ina kake?"

Mainasara ya buɗe littafin gwajinsa. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, duk shafuka cike da rubutu. A kowace Juma'a aikin ya tsaya ƙarfe ɗaya, da rubutun hannunsa.

Ya karɓi makullin Lado, ya shiga kasuwa ya sa aka yanka irinsa, domin injunan garuruwan uku makullinsu iri ɗaya ne. Da ya dawo, ya kira Uwani bayan asibiti, ya nuna mata inda ake buɗe mai da yadda ake jan igiya. Sau biyu ta ja, a na uku injin ya tashi.

"Ashe wanga ne duka ilimin?" in ji ta.

"Shi ke nan, Inna."

Ta ƙulle makullin a bakin zanenta. Shi kuma ya ɗauki sauran makullan, ya kama hanyar Shinkafi.