Ƙarfen Yuguda

"Sake faɗa mini, Tica," in ji Yuguda. "Me ya ce zai cire?"

Na sake faɗa masa. Likitan ba ya jin Hausa sosai, shi ya sa Yuguda, maƙwabcina, ya jawo ni asibiti in yi masa tafinta. Kansar furostet ce, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma ta riga ta shiga ƙashin baya. Warkewa babu. Amma cutar tana cin abincinta ne daga 'ya'yan maraina. In an cire su za ta lafa, ciwon ya ragu, wataƙila a ƙara shekara biyu ko uku.

Yuguda ya yi dariya har da tari.

"Tambaye shi ko ya san sana'ata."

Shekara talatin da 'yan kai Yuguda ya yi yana dandaƙar bijimai a kasuwar shanu ta Iware. Duk san noman da ke jan garma daga nan zuwa Sunkani, in ba shi ya dandaƙe shi ba, to wanda ya koya a hannunsa ne.

Likita ya ce akwai allura duk wata uku, ba sai an yanka ba.

"Aikinta ɗaya da wuƙar?"

"Ɗaya," na ce.

"To dandaƙa ce, sun dai sa mata rigar asibiti. Tashi mu tafi."

Sati uku na yi ina binsa da takardu. Ni tsohon malamin makaranta ne, littattafai sun cika mini ɗaki, kuma ko ɗaya bai hana matata Murna mutuwa shekara shida da suka wuce, a kan bencin asibiti tana jiran a kira lambarta ba. Duk da haka na ci gaba da karatu. Wani abin ban iya ba.

Na same shi a zaure, robar fitsari a ɓoye cikin riga, yana shafa wa ƙarfen dandaƙarsa mai.

"Yuguda, shekararka sittin da takwas, 'ya'yanka tara. Me kake ajiye su ka yi da su, gadon gida?"

"Kai da ka ajiye naka shekara shida babu aiki, wa ya ce ka ba da su?"

"Ana maganar ranka."

"Tica, kai a takarda ka gani, ni a hannuna na gani. Bijimi yana zuwa yana tonon ƙasa, mutum huɗu ba su riƙe shi. Bayan wata biyu yarinya ma sai ta ja shi da zare. Yana ci, yana ƙiba, yana daɗewa. Amma ka taɓa duba idonsa?"

"Kai ba sa ba ne."

"Su ma ban taɓa tambayarsu ba."

Matarsa Raliya ta tare ni a ƙofar gida da kwanon fura. "Malam Tobias, kai yake jin maganarka. Ni ba na son komai a wurinsa, wallahi, ya zauna kawai ina jin tarinsa."

Na kai masa saƙon yadda ta faɗa. Sai kawai ya ce in miƙo masa buta.

Da damina ta yi nisa ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Ciwon baya yakan sa shi cizon gefen bargo don kada a ji a waje. Ana ji. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ta bulo ce mai rami.

Wata Laraba da hantsi ya aika a kira ni. Ya rame har hularsa tana rufe masa kunne.

"In na yarda yanzu fa?"

Na riga na tambayi likita. Ya ce a kawo shi a gani, amma da irin muryar da na san ma'anarta tun lokacin Murna. Jikin ba zai ɗauki ko tafiyar Keke Napep ba. Ya dubi fuskata, ya gane.

"To. Useko." Ya yi mini godiyar da Fulatanci, ya rufe ido. "Ina jin ka ta katanga, Tica. Kana daɗewa a bayan gida, yana ɗiga kamar rufin da ya tsufa. Haka nawa ya fara. Gwajin jini ne kawai, ka ce da bakinka. Ka je tun ana tambayarka me kake so."

"Zan je."

"Ƙarya kake, mai littafi."

Ranar Asabar ya rasu. Tun ranar farko likita ya rubuta mini takardar gwajin jinin, tana nan cikin wani littafi, ina sa alamar shafi da ita.

Kwana tara bayan nan wani manomi ya tsaya a ƙofar gidan da ɗan bijimi a bayan a-kori-kura, yana sallama. Bai ji labari ba. Raliya ta fito da ƙarfen a naɗe cikin tsumma, ta tsaya riƙe da shi, ba ta san wa za ta miƙa wa ba. Bijimin yana ta bugun ƙarfen motar da ƙaho.

Na shiga gida, na zaga bayan gida, na dafa katangar da hannu ɗaya, ina jira.