Gam a Huhun Matar Kafinta

Da likita ya san sana'ar mijina, na tabbata da bai ambaci gam a gabansa ba. Amma ina zai sani? Malam ya zo asibiti cikin wankakkun kaya, ya kakkaɓe garin katakon nan da ba ya rabuwa da gemunsa, ya tsaya a gefen gadona kamar wani shugaban makaranta. Ni kuwa ina kwance, maganin barci bai gama sakina ba, ga roba ta fito daga haƙarƙarina tana ɗiga cikin wata kwalba a ƙasan gado.

Likita ya ce aiki ya yi kyau. Sun cire ɗan ɓangaren huhun da ya lalace, sun rufe wurin, sannan suka bi bakin da gam don kada iska ta riƙa zurarewa.

"Gam?" in ji Malam.

"Gam na tiyata. Huhu abu ne mai laushi, ɗinki kaɗai yakan bar 'yan ƙofofi."

"Da me kuka matse shi?"

"Na'am?"

"Bayan kun shafa. Da me kuka ɗaure shi har ya kama?"

Likita ya yi murmushi ya ce nan take yake kamawa, sai aka kira shi ya fita. Malam ya bi shi da irin kallon da yake yi wa teburin da wani kafintan ya haɗa. Ni a lokacin ban gane komai ba. Na ɗauka mafarki nake yi, har na tambayi nas ko ni ce kujerar da aka kawo gyara.

Tun kafin ya aure ni Malam kafinta ne, kuma ban taɓa ganin an dawo masa da kujera an ce ta ɓalle ba. Mutum ne mai barkwanci, ni kuma Allah ya yi ni da surutu, shi ya sa yake ce mini Rediyo. Yara sun girma sun watse, mu biyu muka rage a gidan, amma maƙwabta sukan ce hayaniyarmu ta fi ta mutum goma.

Ranar da aka sallame ni, nas ta ja mini kunne. Ta ce in riƙa tafiya a tsakar gida, in sha ruwa da yawa, in yi tari ko da zai yi zafi. Ta ba ni wata 'yar roba mai ƙwallaye a ciki, ta ce in riƙa zuƙar iska ta bakinta har ƙwallayen su tashi. Malam yana gefe yana ta cewa "to, to, madalla". Muna isa gida ya ɗora robar can saman kabad, inda ko da kujera ba zan kai ba.

"Malam, ai nas ta ce…"

"Nas ta san allura. Gam kuwa ni na san shi. Ruwa yana kashe shi, zafi yana narkar da shi. Amma babban maƙiyinsa motsi ne. Ko ƙafar tebur na liƙa, ba na barin yaro ya jingina da ita, balle huhu."

Ya yage sabon zanin gadona, wanda ko sau ɗaya ban shimfiɗa ba, ya naɗe mini ƙirji tam, ya ƙulle a baya. Shayi mai zafi ya zama haramun. Ruwa kuwa da cokali yake ba ni, yana kallon maƙogwarona kamar zai bi shi ya ga inda ya sauka. Na ce masa ruwa ciki yake zuwa, ba huhu ba. Ya ce duk gida ɗaya ne, in ɗaki ɗaya ya jiƙe ai danshi yana bin bango.

Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ƙasa, wai kada ya juya ya girgiza gado. Ya rufe shago. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina wasa da ni. In ya ji abin dariya ya taho masa, sai ya cije leɓe ya fita waje. In na buɗe baki zan yi magana, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Rediyo, a kashe tukuna."

Na so in yi masa tijara, Allah ya sani. Amma kaina ya ɗaure. Nas ta yi karatu, ba na musu, sai dai ban taɓa zama a kan wani abu da ta liƙa ba, alhali kujerun Malam ne suka cika gidan. In na rufe ido sai in ga huhuna kamar katako biyu da farin gam yana tsattsafowa a tsakaninsu. Har warinsa nake ji a hancina. In tari ya taso, sai in haɗiye shi, hawaye na zuba, ina saurare ko zan ji wani abu ya ce ɓas a ciki.

Yayar Malam ta zo dubiya. Ya so ya tsayar da ita a ƙofa don ita ma bakinta ba ya shiru, ta ture shi ta shigo. Da ta gan ni a naɗe sai ta kama haɓa.

"Kai, wannan matarka ce ko kaya za ka aika tasha?"

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce ita ba ta yarda ba, huhu ba katako ba ne, abu ne mai iska, a kira mai facin taya na bakin titi. Wallahi sai da aka kira shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwansa baƙi ƙirin, ya ce a wurinsu faci sai an gasa shi yake kamawa, don haka a ba ni shayi mai zafi sosai. Malam ya ce katako ya fi kama da ƙashi, ƙashi kuma shi ne mutum. Mai faci ya ce ba a ƙashi aka yi aikin ba. Suka yi ta yi, ta inda wannan ya shiga ba ta nan wancan yake fita ba. Ina kwance ina jin su, ban san ko ni tebur ce ko taya ba.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ni. Numfashina ya koma guntu-guntu, ƙirjina yana ƙara kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Wata safiya Malam ya kawo cokalinsa na ruwa, ya dube ni, cokalin ya faɗi. Ya ce leɓena ya canza launi. Bai tsaya neman hula ba ya fita neman mota, kuma duk tsawon hanya yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali.

Likita da kansa ya sa almakashi ya yanke zanin. Murmushin nan nasa babu shi. Bayan an ɗauki hoto ya ce majina ce ta taru ta toshe ƙasan huhun, saboda ba na tari, ba na cika ƙirji da iska. Ya ce da mun ƙara jinkiri, da labarin ya zama wani.

"Gam ɗin ya buɗe ke nan," in ji Malam.

"Gam yana nan lafiya lau. Baba, wannan don jiƙaƙƙen wuri aka yi shi, mai ɗumi, mai motsi dare da rana. Kafin mu rufe ƙirjin ma sai da muka cika shi da ruwa, muka hura huhun, muka duba ko kumfa zai fito."

Na ce a raina kada Allah ya sa mai faci ya ji wannan.

"Kuma nan da 'yan makonni zai narke da kansa, jiki ya shanye shi," in ji likita.

Malam ya dafa ƙarfen gado. "Ya narke? Da saninku kuka sa mata gam mai narkewa? To me zai riƙe ta?"

"Namanta ne zai haɗe. Gam ɗin tsare wurin kawai yake yi kafin nan. Amma sai ta yi numfashi, sai ta yi tari."

"A wurinmu in gam ya ɓace, aiki ya lalace."

"A wurinmu kuma in ya ɓace, aiki ya gama."

Malam ya dubi likita, ya dube ni, ya dubi tsumman zanin da ke ƙasa. Na san fuskar nan shekara da shekaru, ban taɓa ganin ta a rikice haka ba, sai tausayinsa ya kashe duk faɗan da na tanada. Ni ma ɗin ba wai na gane ba ne. Abin da na sani kawai shi ne iska nake so.

Nas ta kawo filo ta ce in rungume shi a kan ciwon in yi tari. Malam ya miƙa hannu ya karɓa. Ya zauna a bayana, ya ɗora filon a haƙarƙarina, ya riƙe da tafukan nan nasa masu kaushi, ba tam ba wannan karon.

"Yi," ya ce.

Na yi. Zafin ya kai mini har ƙwaƙwalwa, na ga taurari da rana tsaka, amma abin da ya toshe ni ya motsa. Na sake yi. Bai saki filon ba.

Da na lafa, sai ya manna kunnensa a bayana, yadda yake yi wa ƙofar kabad in ya ƙwanƙwasa ta. Ya daɗe a haka.

"Ina jin iska tana shiga tana fita," ya ce wa nas. "Haka ya kamata?"

"Baba, ai shi ne numfashi."

Bai ɗaga kansa ba. Na ji danshi yana ratsa rigar asibitin daidai inda fuskarsa take.

"Rediyo," ya ce a hankali, "yi magana mana."

"In ce me?"

"Ko zagina ne, ki yi. Gidan nan ya yi mini shiru."

Na ja iska har ƙasan ƙirjina, na fara da maganar zanin gadona.