Kwana Tara Baƙuwa Ba Ta Ci Ba

Kwana tara ke nan da jirgin binciken sararin samaniya ya dawo da halittar, kuma tun da ta sauka ba ta sa komai a bakinta ba. Ma'aikatan cibiyar binciken da aka kai ta suka laƙaba mata suna Baƙuwa. Fuskarta ta kyanwa ce sak, har da gashin baki, sai dai ta kai maraƙi girma, ƙafafunta shida, jelarta ta rabu biyu, idanunta kuwa launin toka kamar an shafe su da siminti.

Likita aka ɗora wa ciyar da ita, matar da ta shekara ashirin tana duba shanu da karnukan mutane kafin cibiyar ta ɗauke ta. Ba abin da ba ta gwada ba: nama ɗanye da dafaffe, kifi, madara, har ciyawa. Baƙuwa sai ta shinshina ta kau da kai.

Da hantsi Darakta ya kira ta ofis.

"Likita, kin yi iya yinki. Dabbar nan ba za ta tashi ba. Gara a yi mata allurar mutuwa yau, masu bincike su buɗe ta tun jikin bai lalace ba."

"Ranka ya daɗe, tana numfashi fa."

"Tana kuma gwaguyar ƙarfen keji. Ranar da ta fito, wa zai tare ta?"

"A ba ni zuwa ƙarfe huɗu."

Ya dube ta, ya dubi agogo, ya ce ya ji.

Ta koma ɗakin kejin, ta kifa bokiti ta zauna, ta yi tagumi. Sandunan kejin sababbi ne, ƙal suke, ban da na kusurwar da ruwan wanki ke taruwa, inda suka yi ja. Da ta matsa kusa sai ta ga a nan kaɗai Baƙuwa ke kai baki. Babu sawun haƙori ko ɗaya. An dai lashe tsatsar tas, kamar an goge da takardar yashi.

Ko rigar aiki ba ta tuɓe ba ta nufi shagon waldar yayanta da ke bayan tasha.

"Yaya, tsatsa nake so. Cike da bokiti."

Ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Mutane na zuwa neman ƙofa da taga, ƙanwata mai digiri biyu tsatsa take nema. Ashe karatun ma yana taɓa kai."

"Ka gama dariyar hannunka na aiki."

Suka jawo tsofaffin kwanon rufi da ruɓaɓɓun bututu, suka hau kankara da buroshin ƙarfe. Bakin kwano ya yanke ta a babban yatsa. Yayan ya ɗaure mata da tsumma yana tsaki.

"In ta cinye ki me zan gaya wa Inna?"

"Ka ce da ƙafata na kai kaina."

Uku da rabi ta dawo. Ta dama garin tsatsar da ruwa a tasa, ta tura cikin keji da sanda. Baƙuwa na kwance can ƙurya, ko kai ba ta iya ɗagawa. Darakta ya riga ya iso, tare da mai gadi riƙe da bindigar allura.

"Buɗe min," in ji Likita.

"Ba da yawuna ba," in ji Darakta.

"Saura rabin awa cikin lokacin da ka ba ni, ranka ya daɗe. Nawa ne."

Aka buɗe. Ta shiga a durƙushe, tana tura tasar a gabanta, tana 'yar maganar da take yi wa saniya mai naƙuda. Hancin Baƙuwa ya motsa. Amma ba tasar ya nufa ba, yatsan da aka ɗaure ya bi. Sai a lokacin Likita ta tuna jini ma da sinadarin ƙarfe a cikinsa.

Ƙafa guda ta danne mata hannu a ƙasa, farata suka fito suka nutse a fata. Ta ji mai gadi ya ɗana bindiga.

"Kada ka harba!" ta faɗa ba tare da ta waiwaya ba.

Hannun na mata zugi har kafaɗa. Ta dumbuzo damammiyar tsatsar da ɗaya hannun, ta shafa a kan hancin mai sanyi. Can wani harshe mai kaushi ya fito ya lashe. Ta ƙara shafawa, ta janyo tasar da gwiwa har ƙarƙashin haɓar dabbar. A hankali faratan suka koma, kan ya sunkuya cikin tasa.

Sai da Baƙuwa ta suɗe tasar Likita ta ja da baya. Wani gurnani mai taushi ya cika ɗakin har sandunan keji na rawa. Tana fita ta zauna a ƙasa, ta danne raunin da ɗaya hannun.

"Kin kusa sa min hawan jini," in ji Darakta yana share zufa. Ya juya ga mai gadi. "Mayar da allurar nan kabad, ka kira nas."

Ɗinki bakwai aka yi mata. Nas na ɗinkin, ita kuwa tana ta ba da umarni: a auna abin da ya rage a bokiti, a rubuta lokacin da ta ci, kada kowa mai rauni a jiki ya kusanci kejin. A kwana na uku Baƙuwa ta miƙe a kan ƙafafunta shida, ta zagaya kejin sau biyu. Likita ta ga bai ishe ta miƙa jiki ba, ta ɗauki tef ɗin awo da hannunta mai lafiya, ta nufi babban sito na ƙarshen baranda don ta auna ko zai yi wa Baƙuwa sabon masauki.