Wanda Ya Fara Ba da Haƙuri

Auta ta daɗe da sanin tafi yana da daɗi, amma ba ta san yana kwance harshe ba sai ranar da ƙungiyar taimakon jama'a ta karrama mahaifiyarta.

Zauren ƙungiyar ya cika har bakin ƙofa. Fanka ɗaya na juyawa, ɗaya ta ƙi, lasifika sai ƙugi take. A kan dandamali Mama na zaune cikin falmaran ɗin ƙungiya da wanki ya koɗar, tana murza hannun jakarta kamar wadda aka gurfanar gaban alƙali. Shekara da shekaru ita ce mai tara masu ba da jini a asibiti, ita ce mai jagorantar yashe kwata, ita ce kuma idan biyu suka ɓata take zirga-zirga tsakanin ƙofofinsu har dunduniyar takalminta ta cinye.

A sahun gaba aka zaunar da manyan shaidun aikinta: mai walda, ƙato mai tabon ƙuna a bayan hannu, da mai wanki da guga, siriri, wanda karin wandonsa zai iya yanka lemo. Katanga ɗaya ce ta raba shagunansu. Tun Auta na firamare tartsatsin walda ya tsallaka ya huda kwat ɗin wani da ke shanye a igiya. Daga nan aka yi cacar baki, matansu suka daina gaisawa, layin ya dare biyu. Mama ce ta ɗinke ɓarakar, har ga su yau kafaɗa da kafaɗa.

"Matsa, kana ɓata mini guga," in ji mai guga.

"Kai da iska ke ɗauka? In na matsa wa zai tare ka?"

Auta ta ji su, zuciyarta ta cika fal. Ita aka ba jawabin iyali, kuma ta kwashe duk kalmomi masu daɗi da ta taɓa karantawa ta zuba a ciki. Ta kira Mama fitila, ta kira ta inuwa. Aka tafa. Ta ce ƙafafun Mama sun fi bakin mutane da yawa iya magana, aka sake tafawa, wata ma ta share hawaye. Nan fa tafin ya hau mata kai. Ta ji duk abin da ta shirya ya yi wa uwarta kaɗan, sai ta tuno wani labari da ta tsinta a kicin, ranar da Mama ke hira da ƙanwarta ƙasa-ƙasa.

"Bari in gaya muku hikimarta," ta ce, tana nuna sahun gaba. "Kun ga iyayen nan namu?"

"Auta," Mama ta kira a hankali. Lasifika ta danne muryar.

"Ta je wurin Baba mai walda ta ce, maƙwabcinka ya ce ka yi haƙuri, nauyi ne ya hana shi zuwa da kansa. Ta zagaya wurin Baba mai guga ta gaya masa haka. Alhali babu wanda ya aike ta!"

Ta ware hannuwa tana jiran tafi. Wasu a baya suka fara dariya, dariyar ta mutu a hanya.

Mai walda ya juya sannu a hankali. "Wato ba kai ka aiko ba?"

"Ni? Ni aka ƙona wa kaya, ni kuma zan aiko?"

"Ni da na kwashe injina na kai bayan shago, don na ɗauka ka sauke girman kai!"

"Ni da na kwance igiyata fa? Ina ta gaya wa 'ya'yana ƙaton nan ya zo ya durƙusa!"

"Durƙusa? Wa?"

Kujerar roba ta kife. Mai walda ya fita ta ƙofar gaba, mai guga ya bi ta gefe, matansu suka tattara jakunkuna kowace ta bi nata. Auta na tsaye riƙe da makirfo, tana roƙon ƙasa ta tsage ta shige. Shugaban ƙungiya ya yi tarin da ba shi da dalili, ya yi sauri ya miƙa wa Mama lambar yabo. Mai hoto ya ce a yi murmushi. Mama ta yi, iya leɓe.

A ɗakin ajiya ta sami 'yarta daga baya, tsugune tsakanin tsintsiya da bokitai.

"Mama, ki dake ni. Na kwance miki zani a kasuwa."

"Tashi, za ki ɓata rigarki." Mama ta zauna a kan wani bokiti da aka kife. "Ni ma da nawa. Na ari bakinsu, ban taɓa mayar musu ba. Na ga kowa na so, kowa na jiran ɗan'uwansa, sai na yi musu gaggawa." Ta dubi lambar da ke cinyarta. "Abin da ke damuna gobe ne. In na ce wa mace mijinki ya ce ki yi haƙuri, cewa za ta yi, haka kika ce wa mai walda."

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Auta ta miƙe ta fita ba tare da ta iya haɗa ido da ita ba.

Ƙafarta ce ta kai ta layin shagunan. Tun daga nesa ta ga abin da take tsoro: mai walda ya janyo injinsa gaban shago, ko rigar bikin bai cire ba, yana ta feshin wuta a kan wani ƙarfe da ba ya buƙatar komai. Mai guga kuwa ya ɗaura igiya daidai inda take a da, ya shanya fararen zannuwan gado, ya harɗe hannu yana jira. Mutanen layi sun fito, kowa ya tsaya ɓangarensa.

Auta ta ratsa ta tsaya a tsakiya, wuta ta dama, zannuwa ta hagu.

"Ke, matsa, za ki ƙone!" mai walda ya daka tsawa daga bayan gilashinsa.

"Baba, ba wanda ya aiko ni," ta ce. "Ni na zo. Ku yi haƙuri."

Tartsatsi ya sauka a gefen mayafinta, wurin ya yi baƙi.

"Kashe abin nan mana!" mai guga ya yi ihu. "Ba ka ga yarinya ba?"

"Na kashe ai! Kurma ne kai?"

"Sai da ka huda mata mayafi. Halinka ke nan."

"Kawo tsummanka mai ruwa, ka bar surutu."

Mai guga ya yi tsaki, amma ya shiga ya ɗauko. Ya miƙa, mai walda ya karɓa ba tare da ya dube shi ba, ya danna a kan wurin da ke hayaƙi. Babu wanda ya ce ya yafe, babu wanda ya koma shago. Auta da ta cika zaure da kalmomi ɗazu ta nemi ko guda ta rasa. Ta sunkuyar da kai, ta bar su suna gardama a kan ko mayafin zai gyaru.