Tsani Mai Hawa Tara

A garin Ibra, in aka yi zancen tuƙi cikin rairayi, sunan Halfan ake fara kira. Wasu su ce shekara talatin motarsa ba ta taɓa kafewa ba, wasu su ce ta kafe sau ɗaya, ya haƙo ta shi kaɗai don kada labari ya fita.

Duk shekara in sanyi ya shigo, yakan ɗauki matarsa Zuwaina su yi mako guda a bakin wata rijiya, inda aka haife ta, can cikin tuddan yashi. Da gwiwoyinta suka fara ciwo, kwanan ƙasa ya gagare ta, sai suka je Maskat sayen tanti mai katifa.

Iri biyu suka tarar. Ɗaya a kan rufin mota ake ɗaura shi, tsaninsa hawa tara. Ɗayan yana bisa 'yar tirela da ake ja a baya, taku uku ka shige, in an isa a kwance ta a bar ta nan. Zuwaina ta dafa tirelar, ta kira mijinta da sunan ɗansu, ta ce, "Abu Hilal, wannan zan iya."

Amininsa Musallam, da ya rako su, ya yi dariya. "Sarkin rairayi da jan amalanke? Sai mu tanadi igiya da shebur tun yanzu."

"Tirela nauyi ce, Ummu Hilal," in ji Halfan. "A tudun farko za ta binne mu."

Aka ɗaura na rufi.

Abin da bai lissafa ba shi ne gaisuwa. A rairayi, duk wanda ya sauka kusa da kai sai ka je ka sha gahawarsa, kusan kuwa tafiyar mota ce. Mota ba ta motsi sai an naɗe tanti, tanti ba ya naɗuwa da mutum a ciki. Ranar farko sau uku Zuwaina ta sauko da baya-baya, tana laluben kowane hawa da ƙafa, yana tsaye yana kaɗa makulli. Rana ta huɗu ƙafar ta zame a hawa na shida, ta faɗo a kan ƙugunta. Ba ta yi ƙara ba, cewa kawai ta yi a koma gida.

Sanyi biyu suka wuce ba a je rijiya ba. A na uku ya same ta a tsakar gida da hantsi, tana cire ƙwallon dabino, sandarta jingine da kujera.

"Na yi magana da mai shagon nan," ya ce. "Tirelar tana nan. Alhamis sai in ɗauko."

"Wa za ka sa a ciki? Musallam?"

"Ke mana."

"Likita ya ce ƙugun nan ba zai ƙara ɗaukar girgizar yashi ba. Kana wurin ya faɗa, waya kake dannawa."

Ya tsuguna a gabanta, ya ɗauki dabino ɗaya ya mayar cikin faranti. Ta ci gaba da aikinta ba ta dube shi ba.

"Kin nuna mini da hannunki, na ji tsoron dariyar Musallam," ya ce. "Ni na raba ki da rijiyarki, Zuwaina. Ki yafe mini."