Jikokin Karya Mai Santsin Gashi

Zazzaɓi ne ya fara taka mini baya tun da safe, amma sai da rana ta take ya zauna mini a ka sosai. Ina ɗakin duba dabbobi na asibitina da ke Bukuru, sai ga Yaya Iliya, wana, ya shigo da kwali a hammata. Shi sana'arsa kiwon karnuka. Yana haɗa fudul, karen nan mai nannaɗaɗɗen gashi kamar na rago, da labrado mai santsin jiki, ya kai wa masu hali a Abuja waɗanda ba sa son ganin gashi a kan kujerunsu.

Ya dire kwalin a gabana. 'Yan kwikwiyo uku ne, gashinsu a kwance lif, ba gemu ba gashin gira.

"Karyata Zuma ce ta haifo mini waɗannan," in ji shi. "Ita da mijin duk masu lanƙwasar gashi ne, amma dubi abin kunya. In masu saye suka gan su, za su ce jinin karnukana ya gurɓace. Yi musu allurar nan, Rifkatu, su yi barcin da ba a tashi."

"Yaya, lafiyarsu fa ƙalau."

"Ni tawa sana'ar ce ba lafiya. Zan dawo da yamma."

Ya fita. Na haɗiyi magani da ɓacin rai, na kifa kai a kan tebur. Kukan 'yan kwikwiyon ya riƙa nisa, yana nisa, har ya koma kamar iska a cikin kara.

Sai na ji simintin ɗakin ya yi taushi. Na duba, ashe gashi ne ya tsiro, ya kai mini gwiwa. Bango ya janye, duwatsun Jos suka bayyana, kowanne ya yi tozo da ulu. Matajin ƙarfen da nake taje karnuka da shi ya miƙe, tsayinsa ya kai na mutum, yana tafiya a kan haƙoransa.

"Biyo ni, likita," ya ce. "Ni abin da na taɓa kawai nake faɗa."

Muka isa wani kwari mai koguna biyu. Ɗaya yana gudu a miƙe kamar sanda. Ɗayan yana tafiya yana murɗewa, yana zagaye kansa. Inda suka haɗu, ruwan ya zama mai ɗan lanƙwasa, 'yan kwikwiyo suna fitowa daga ciki, duk kamarsu ɗaya, da ɗan gemunsu.

"Haihuwar fari ke nan," in ji mataji. "A nan ake tafi, ana cewa an kama ruwa a hannu."

Can gaba aka sake aurar da ruwan ga kansa. Sai ya tsage. Wani reshe ya murɗe, wani ya lanƙwasa, wani ya miƙe sak kamar bai taɓa sanin murɗiya ba. A bakin wannan miƙaƙƙen wata tsohuwar karya labrado take zaune, launinta ruwan zuma, kunnuwanta sun faɗi, gashinta yana zuba kamar ganyen kaka. Kowane ɗan kwikwiyo da ya wuce ta gabanta yana riƙe da zare biyu a baki.

"Sannu, Kaka," na ce, ban san wa ya gaya mini haka ake kiranta ba.

"Yawwa, 'yata. An ce miki na ɓace, ko?"

"An ce jininki ya narke."

"Jini ba gishiri ba ne. Kwanciya na yi a cikin 'ya'yana. Kowa zare ɗaya yake karɓa daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya taki sa'a ya ɗauko nawa duka biyun, sai ya fito da fuskata." Ta lashi kan wani ɗan mitsitsi da ya raɓe ta. "Masu kiwo ne suka ɗaura auren. Yau jikana ya yi kama da ni, sun ce laifinsa ne."

Raina ya tafasa. Na buɗe baki zan yi magana, sai kogin ya miƙe tsaye, ya daskare ya zama bene na keji bisa keji. Muka fara hawa. A kowane hawa ana mayar da 'ya mace ga fudul, a sake mayar da 'yarta, gashi yana ƙara murɗewa, idanu suna ƙara nutsewa. A wani keji na ga Zuma, nononta yana jan ƙasa, haƙarƙarinta a waje.

"Ina 'ya'yana uku?" ta ce.

Muka wuce ta, muka ci gaba da hawa.

A can ƙoli wata halitta ce a tsugune, dunƙulen ulu kawai, ba a gane gaba ba a gane baya. Wasu dogayen mutane masu kan almakashi sun kewaye ta, suna buɗe baki suna rufewa, ƙyas, ƙyas, suna kira ga taron da ke ƙasa: "Ba ya zubar da gashi! Ko ɗaya ba ya zubarwa!"

Mataji ya cusa haƙoransa a jikinta, ya maƙale. Ta yi wani siririn kuka.

"Yana zuba," ya ce. "Ciki yake zuba. Kujera ta huta, fata ta ɗauka."

"Ba ku jin kukanta ne?" na daka musu tsawa. "Wane irin rashin imani ne wannan? Kun dama abu da hannunku, kuna zubar da wanda bai yi muku daɗi ba!"

Almakasan suka juyo gaba ɗaya. Sai na ji nauyi a hannun dama. Sirinji ne, ya manne a tafina kamar a nan ya tsiro. Na yarfe, ya ƙi faɗuwa.

"Kada ki zage ni," ya ce da 'yar muryarsa. "Ni ɗan aike ne. Yatsa nake jira."

Nan take benen ya baje ya zama filin tantancewa. Dogon layi, ana wucewa ɗaya bayan ɗaya: mai murɗiya dama, mai santsi cikin kwali. Yaya Iliya ne a tsaye a bakin layin yana nuni da sanda, yana murmushi. Layin ya ƙare, almakasan ba su ƙoshi ba. Babbansu ya sunkuyo, ya fizge hular Yaya da bakinsa. Sanƙonsa ya haska, irin na kakanmu, wanda ya tsallake Baba ya sauka a kansa.

"Wannan ma yana zubarwa," suka ce.

"Gado ne!" in ji Yaya. "Ba ni na zaɓa ba!"

"Kwali."

Suka ɗaga shi ta ƙeya. Yana wutsil-wutsil yana ƙanƙancewa, har ya dawo bai fi tafin hannu ba. Suka jefa shi cikin 'yan ukun. Mataji ya ja da baya. Sirinjin ya fara jan hannuna zuwa kwalin, ni kuma fushi ya cika ni, har ban tabbata ko turjewa nake yi ko binsa nake yi ba. Yaya ya ɗago ido yana kira, "Rifkatu! Rifkatu!"

"Rifkatu!"

Na zabura. Rigata ta jiƙe sharkaf da gumi, rana ta karkata. Yaya Iliya ne a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Kin gama?"

Na jawo kwalin da ƙafa zuwa ƙarƙashin teburina. Ukun suna barci, cikinsu yana hawa yana sauka.

"Waɗannan sun zama nawa. Gobe kuma ka kawo mini uwarsu, ta huta da haihuwa haka nan."

"Da izinin wa? Ke, zazzaɓin nan ya taɓa miki kai ne?"

Na ɗaga hannu zan nuna masa hanya. Sai na ga yatsuna a dunƙule tam, babu komai a ciki, kuma duk yadda na yi sun ƙi buɗewa.